Darasin Gyara a Gida: Canja Shakazobar Baya ta Babur

Darasinmu na wannan fitowa a kan babur ne, musamman ƙarfen nan biyu masu sifirin da ke gefen ƙafar baya, waɗanda kanikawa ke kira shakazoba. Muna roƙon kowane shugaban ƙungiya ya sa a karanta shi a wurin taro da babur a tsaye a gaban jama'a, domin kowa ya taɓa abin da ake magana a kai da hannunsa.

Ga abin da ya kawo darasin. Da farkon daminar da ta wuce, wani ɗan ƙungiyarmu ta Kunduru ya tafi Kankiya ɗauko takin zamani, nasa da na maƙwabcinsa. Ya ɗaura buhu 3 a bayan babur. Tun da rani muna jin babur ɗin nan yana ƙara kwas-kwas idan ya hau gargada, mun kuwa yi masa magana, ya ce sai bayan kaka. A hanyar dawowa ya faɗa wani rami kusa da kwalbati, bayan babur ya yi tsalle, taya ta bar ƙasa, ya taka birki bai kama ba. Ya faɗi. Buhu ɗaya ya fashe a cikin ruwa, shi kuma ya goce a kafaɗa. Mako 3 bai riƙe fartanya ba, a daidai lokacin noman fari. Sai da ƙungiya ta yi masa gayya. Kuɗin takin da ya narke kaɗai ya isa sayen abin da ya ƙi saya.

Aikin shakazoba

Mutane da yawa suna tsammani shakazoba don jin daɗin zama kawai aka sa ta. Ba haka ba ne. Abu biyu ne a haɗe. Na fari shi ne sifirin, watau murɗaɗɗen ƙarfen da muke gani a waje. Shi ne yake ɗauke da nauyin mutum da kaya. Na biyu yana ciki, ba a ganinsa: bututu ne cike da mai, da wani siririn sanda mai ƙyalli wanda ke shiga yana fita. A bakin sandan akwai fistin mai ƙananan huduji. Duk sa'ad da ƙafar baya ta yi sama ko ƙasa, dole man nan ya bi ta hudujin, ba ya kuwa wucewa da sauri.

Ku tuna da mace mai tuƙa tuwo. Idan ta ja muciya a cikin ruwa zalla, ba abin da ke riƙe hannunta. Amma idan tuwo ya yi kauri, sai muciya ta tafi a hankali kome ƙarfinta. Haka man nan yake yi wa sifirin. In babu shi, sifirin da aka danne zai yi ta tsalle sau uku sau huɗu kafin ya tsaya. Sa'ad da yake tsallen nan taya ba ta manne da ƙasa sosai, tayar da ba ta kan ƙasa kuwa ba ta jin birki, ba ta kuma bin kwana. Abin da ya kā da ɗan'uwanmu ke nan.

Wahalar da mai yake sha a cikin hudujin nan takan zama zafi. Wanda ya yi tafiya mai nisa a hanyar burji, in ya taɓa gindin shakazoba mai lafiya zai ji ta da ɗumi.

Abin da ke kashe ta a wurinmu

Babur ya daɗe a ƙasar nan. Dattawanmu suna tuna shekarar 1975, lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, malaman makaranta da akawuna suka sayi Honda da Suzuki da Yamaha. A shekarar ce kuma kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125, wanda aka ƙera musamman domin ƙasashe irin tamu inda hanya ba kyau, gyara kuma ba ya samuwa a kan kari. Daga baya Jincheng ta ƙasar Sin ta shigo da araha, sa'an nan Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya. Dukansu shakazoba biyu gare su a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, saboda haka darasin nan ya shafe su duka.

Amma ba ɗaya daga cikinsu da aka ƙera domin aikin jaki da amalanke a haɗe. Nauyin da masu ƙera irin waɗannan ƙananan babura suka yarda a ɗora, har da direba, bai kai kilo 200 ba. To, mu yi lissafi. Mutum mai kilo 65 da buhun taki 2, kowane kilo 50, ya zama 165. In an ƙara na uku, 215. Buhun dawa babba mai kilo 100, da direba, da mai dawar a zaune a kai, ya kai wajen 230. Ba mu ce kada a ɗauki kaya ba, gama mun san don haka aka sayi babur, tun da aka cire tallafin man fetur kuwa a watan Mayu na 2023 ba mai son yin sawu biyu. Abin da muke faɗi shi ne, wanda ke yin lodi irin wannan ya sani shakazobarsa ba za ta yi tsawon rai ba, ya riƙa dubanta.

Abu na biyu ƙura ce. Da hunturu ƙura takan manne a sandan nan mai ƙyalli, ta shiga da shi ciki, ta ci robar da ke tare mai a bakin bututu. Da damina kuma laka ta kwana a kai, sanda ya yi tsatsa, tsatsar ta yanki robar kamar zarto. Da zarar robar ta yanke, mai ya fara tsiyaya, saura kwanaki.

Yadda za mu gane ta mutu

Kada mu yi saurin kashe kuɗi. Ba kowace ƙara daga baya ce ta shakazoba ba. Mun taɓa ganin wanda ya sayi sabuwa, ya ɗaura, ƙara ba ta daina ba, ashe notin kariya ne ya kwance.

Mu fara da ido. Mu leƙa ta cikin sifirin. In mun ga jikin bututu ya jiƙe da mai, ƙura ta manne ta yi baƙi kamar kwalli, to mai yana fita. Mu duba ko sanda ya lanƙwashe, ko sifirin ya karye, ko robobin da ke cikin idanun shakazoba, sama da ƙasa, sun tsattsage. Mu leƙa ƙarƙashin madigadi: in akwai wurin da taya ta goge ya yi fari, sifirin ya gaji, yana nutsewa har ƙarshe.

Sa'an nan mu sauke babur a kan ƙafafunsa, wani ya riƙe kai, mu danna kariya da ƙarfi mu saki. Mai lafiya za ta taso sau ɗaya ta tsaya. Matacciya za ta yi ta rawa.

Daga nan mu kafe babur a kan babbar ƙafarsa ta tsakiya, mu kama tayar baya da hannu biyu, mu girgiza ta dama da hagu. In tana motsi, wannan ba laifin shakazoba ba ne. Ko dai boris ɗin ƙafa ne, ko bushin hannun ƙarfen nan da ke riƙe da ƙafar baya, ko wayoyin ƙafa sun saki. Wannan wani gyara ne dabam, sabuwar shakazoba ba za ta warkar da shi ba. In kuwa robobin idanu ne kaɗai suka lalace, mai bai fita ba, ana sayar da robobin su kaɗai, kuɗinsu kaɗan ne.

Saye

A nan ne aka fi yin hasara, mu ma mun yi. Shekarun baya mun aiki yaro ya sayo mana, muka ce masa "ta Boxer" kawai. Ya kawo mai kyan gani, ja wur, amma ta gaza tamu da kusan yatsa biyu. Mai shago ya ƙi karɓa domin mun yage leda. Tun daga ran nan ba mu zuwa saye sai da tsohuwar a hannu, ko kuwa da awonta a rubuce.

Ga yadda ake awo. A kafe babur a ƙafar tsakiya domin shakazoba ta miƙe sarai. A auna daga tsakiyar ido na sama zuwa tsakiyar ido na ƙasa, ba daga baki zuwa baki ba. A irin baburanmu yakan kama tsakanin milimita 300 da 350. In babu abin awo, a yanki karan dawa daidai tsawon, a tafi da shi. A duba faɗin ramin ido kuma, gama wani milimita 10 ne, wani 12. A duba gindin: wata ido gare ta, wata kuwa baki biyu kamar gwafa. In ta yi gajarta, taya za ta riƙa dukan madigadi. In ta yi tsawo, bayan babur zai tashi, sarƙa da sandan birki su canja zama.

A sayi biyu, kada a sayi ɗaya. Mun sani da wuya, gama kayan gyara daga waje suke zuwa, ta hannun 'yan kasuwar Legas da Nnewi da Kano, tun da darajar naira ta faɗi kuwa a 2023 kome ya hau. Amma sabuwa a dama, gajiyayya a hagu, kamar a haɗa bijimi da maraƙi ne a garma ɗaya. Sabuwar ce za ta ɗauki wahalar duka, ta mutu da wuri, hannun ƙarfe kuma ya riƙa murɗewa.

A gaban mai shago a gwada ta. A ɗaga a ji nauyinta, gama ta banza ba ta da nauyi, wata ma ba mai a cikinta sam, sifirin ne da fenti. A kafa gindinta a ƙasa a danna da nauyin jiki a saki. In ta dawo fau kamar tarko, a ajiye. A dubi walda a wuyan ido. Akwai mai sifirin biyu, ƙarami a cikin babba, irin wadda Bajaj ke sa wa Boxer. Ƙaramin yana taimakawa sa'ad da kaya suka yi nauyi, ita muka fi so wa manomi. Ta hannu kuwa, watau wadda aka cire daga wani babur aka wanke, ba mu ba da shawara a saya ba. Wankin ne yake ɓoye tsiyayar.

In mutum uku ko huɗu a ƙungiya suna bukata, gara a haɗa kuɗi a aiki mutum ɗaya wanda ya san abin, a yi ciniki gaba ɗaya, a kuma yi magana da mai shago tun kafin a biya cewa za a dawo da wadda ba ta yi daidai ba.

Kayan aiki

Sifana mai zobe lamba 14 da 17, wani babur kuma yana son 12. Mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki, domin ba ta cinye kan noti. Sai guntun katako biyu ko uku, da faffaɗan katako ɗaya mai ɗan tsawo, da tsumma, da kananzir kaɗan, da giris, da ruwan sabulu. Sai mutum ɗaya mai taimako. Kada a yi aikin nan da filaya, ko da kurfi da guduma.

Aikin kansa

A zaɓi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. A kan rairayi ƙafar tsakiya takan nutse, babur ya kwanta a kan mai gyara. In ba wani wuri, a sa katako a ƙarƙashinta. A bar salansa ta huce sarai, gama hannu zai yi aiki dab da ita. A kori yara ƙanana daga wurin.

Tun da dare, ko awa ɗaya kafin a fara, a ɗiga kananzir a kan notuna huɗu ɗin domin tsatsa ta saki. Kafin a kafe babur, yana tsaye a kan tayoyinsa mai taimako yana riƙe, a sassauta kowane noti rabin juyi kawai. In aka bari sai an kafe shi, ƙarfin da za a sa wa noti mai taurin kai yana iya tunkuɗe babur daga kan ƙafarsa.

Yanzu a kafe shi a ƙafar tsakiya. Wanda babur ɗinsa ba shi da ita, ya sa gungumen itace a ƙarƙashin firam, ba a ƙarƙashin salansa ba, mai taimako kuma kada ya saki kai. Kada a yi amfani da bulo na siminti, yakan farfashe ba labari. Tayar baya za ta rataya. A cusa katako a ƙarƙashinta har ya taɓa ta, ya ɗan ɗauki nauyinta, amma kada ya ɗaga babur. In kariya ko murfin gefe ya tare noti na sama, a cire shi.

Ga abin da ya fi kome a darasin nan: gefe ɗaya ake yi, a gama, kafin a taɓa ɗayan. In aka cire biyun gaba ɗaya ba abin da ke riƙe da ƙafar baya, sai ta faɗi, ko babur ya zauna a kan taya da yatsun mutum a tsakani.

A fara da ƙasa. A cire noti, a zare ƙusar. In ta ƙi fita, nauyi ne a kanta. A sa faffaɗan katakon nan a ƙarƙashin taya, mai taimako ya ɗan ɗaga ko ya sassauta, za a ji wurin da ƙusar ta yi sako-sako, sai ta fito da yatsa. Kada a doki bakin zarenta da guduma. Sa'an nan a cire na sama, a jawo shakazoba waje. A shimfiɗa tsumma a jera noti da wosha yadda suka fito, na ciki a ciki, na waje a waje. Wosha ɗaya da aka manta takan sa roba ta zame daga ido bayan 'yan kwanaki.

A ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe a sake gwada tsawo. A goge ƙarfen sama, wanda aka yi wa walda a jikin firam, a duba gindinsa da kyau. Baburan da ke shan lodi sukan tsage a nan. In an ga tsaga kome ƙanƙantarta, a tsaya, a kai wa mai walda tukuna.

A shafa giris kaɗan a jikin ƙarfen da ƙusar saboda tsatsa, amma kada giris ko baƙin mai ya taɓa roba, gama yana kumbura ta ya ruɓar da ita. In roba ta yi tauri wajen shiga, ruwan sabulu ya isa. A sa sabuwa yadda tsohuwa take, kada a juya kanta ƙasa. A rataya sama tukuna, a ɗaura noti da yatsa. Sa'an nan a daidaita ramin ƙasa da katakon nan, a zura ƙusa, a ɗaura noti da yatsa, a juya sau uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa shi. Notin da ya ƙi tafiya da yatsa ya hau zare a karkace, a warware a sake. Kada a ƙulle tukuna. A koma ɗaya gefen a yi haka. A yawancin babura salansa tana dama, murfin sarƙa yana hagu, wani lokaci sai an sassauta ɗayansu kafin ƙusar ƙasa ta sami hanya.

In an gama duka biyu, a cire katako, a sauke babur a kan tayoyinsa, a danna baya sau biyar ko shida. Mai taimako ya hau ya zauna. Yanzu ne za a ƙulle notuna huɗun. Dalili kuwa, in aka ƙulle sa'ad da taya ke rataye, da an sauke babur robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana, ba za ta daɗe ba.

Ƙullewa ma da iyaka. Ƙarfin da ake so a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20 bai kai nauyin jarka mai lita 20 cike da ruwa ba. Ƙarfin hannu ɗaya ya isa. Kada a taka sifana da ƙafa, kada a ƙara mata bututu. Mu da kanmu mun taɓa karya ƙarfen sama da irin wannan ƙwazo, aikin rabin awa ya zama na kwana biyu da kuɗin walda.

Matakala

A gindin sifirin akwai wani zobe mai hawa-hawa, yawanci hawa 5. Juya shi yana ƙara danne sifirin ko ya sassauta shi. Hawa na ƙasa domin mutum ɗaya ba kaya. Na sama domin goyo da lodi. Ba ya ƙara wa babur ƙarfin ɗaukar kaya, yana hana baya nutsewa da yawa ne kawai. Lalle dama da hagu su kasance a hawa ɗaya, a ƙidaya da ido. Ya fi sauƙin juyawa sa'ad da babur ke kafe. Wanda zai kai mai ciki ko marar lafiya babban asibitin Kankiya, in babur yana hawa na 5 saboda jigilar buhuna, ya yi minti biyu ya sauko da shi tsakiya, gama sifirin da aka danne ƙwarai yana dukan baya a kan gargada.

Bayan an gama

A duba sarƙa. A tsakiyarta ta ƙasa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30, watau faɗin yatsa ɗaya da rabi, a kuma sake dubawa da mutum a zaune, kada ta ɗaure tam. A taka birkin baya a ga yana kamawa yana kuma saki, fitilarsa tana kamawa. A juya taya a ji ko tana gogar wani abu. A yi gwaji a hankali ba kaya, a cikin gari, kafin a hau babbar hanya. Bayan mako guda a sake bin notuna huɗun da sifana. Magatakardan ƙungiya ya rubuta ranar da aka canja da irin wadda aka saya a littafin kayan aiki, domin nan da shekara mu san wace iri ce ta fi jurewa a hanyoyin Kankiya da Kusada, mu daina saye da ka.

Tsohuwar kuwa, kada a ce za a buɗe ta a gida. Sifirin ɗin a danne yake da ƙarfi ko da ta mutu, in ya kuɓuce yana iya fasa ido ko haƙori. Wata irin kuma, mai ɗan ƙaramin tulu a gefe, iskar gas ce a matse a cikinta. Ba a huda ta, ba a sa ta a wuta. A ajiye ɗaya a akwatin ƙungiya domin awo ran da wani zai tafi saye, ɗayar a sayar wa masu gwangwan yadda take, kada a bar wa yara su yi wasa da ita.